Kalmar "for" ta Turanci: Ma'anarta da Yadda Mai Hidima Zai Fahimce Ta

Gabatarwa

Shekarun baya, a wani babban taron ikkilisiya da aka yi a gundumarmu, an gayyaci baƙon mai wa'azi wanda ba ya jin Hausa. Aka sa ɗaya daga cikin ɗalibaina ya yi masa tafinta. Yaron yana da ƙwazo, Turancinsa kuma ba laifi. Wa'azi yana tafiya daidai, har baƙon ya ce, "We do not pray to our pastors, we pray for them." Sai tafinta ya ce, "Ba ma yi wa fastocinmu addu'a, amma muna yi musu addu'a." Jama'a suka yi tsit, daga baya wasu suka fashe da dariya. Abin da baƙon yake nufi shi ne, ba ma kai roƙonmu ga fastoci kamar su ne Allah, sai dai mu roƙi Allah dominsu. Dukan koyarwar tana rataye a kan ƙananan kalmomi biyu, "to" da "for", kuma a kansu ne tafinta ya yi tuntuɓe.

Yawancin littattafan tauhidi da muke da su a ɗakin karatu da Turanci aka rubuta su. Da yawa daga cikinmu muna shirya wa'azi da Turanci, sa'an nan mu hau mumbari mu yi shi da Hausa. Mun saba buɗe ƙamus idan muka gamu da doguwar kalma, amma gajerun kalmomi mukan wuce su da sauri, muna zaton mun san su tun daga firamare. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. A wannan darasi za mu ɗauki ɗaya daga cikinsu, wato "for", mu dubi ma'anoninta, mu kuma ga abin da ke faruwa da koyarwarmu idan muka fassara ta da "domin" a ko'ina ba tare da tunani ba.

Wace irin kalma ce?

A nahawun Turanci ana kiran irin wannan kalma "preposition". Aikinta shi ne ta tsaya gaban suna ko wakilin suna, ta nuna dangantakarsa da sauran jimlar. Ba ta da wani abu da za ka nuna da yatsa ka ce ga shi, kamar yadda za ka nuna akuya ko kujera. Ma'anarta tana fitowa ne daga kalmomin da ke kewaye da ita. Hausa ma tana da irinsu: a, da, ga, daga, cikin, domin, saboda. Wahalar ita ce, harsuna ba sa raba aiki tsakanin waɗannan kalmomi iri ɗaya. Aikin da Hausa ta raba wa kalmomi shida ko bakwai, Turanci ya ɗora wa "for" ita kaɗai.

Ma'anoni shida

1. Amfanin wani. "The women cooked for the visitors." Mata sun dafa wa baƙi abinci. A nan Hausa ba ta ma bukatar "domin". Ƙaramar kalmar "wa" ko "ma" ta isa.

2. A madadin wani. "The elder signed for the pastor." Dattijo ya sa hannu a madadin fasto. Duk wanda ya taɓa karɓar wasiƙa daga ofishin gunduma ya ga inda aka rubuta "For: Secretary" a ƙasan takarda. Wannan ba ya nufin wasiƙar ta sakatare ce ya karanta. Yana nufin wani ne ya sa hannu a matsayinsa, da izininsa.

3. Dalili. "He was dismissed for stealing." An kore shi saboda sata. Satar ta riga ta faru, korar ta biyo baya. A nan "for" tana duban baya.

4. Manufa. "They are collecting money for a new roof." Suna tara kuɗi don sabon rufi. Rufin bai samu ba tukuna. A nan "for" tana duban gaba. Ku lura da kyau, ta uku da ta huɗu kishiyoyin juna ne, ɗaya tana nuna abin da ya jawo aikin, ɗaya kuma abin da aikin zai haifar, amma kalma ɗaya ce take ɗauke da su.

5. Musaya ko farashi. "She sold the goat for forty thousand naira." Ta sayar da akuyar a kan naira dubu arba'in. Wani abu ya fita, wani ya shigo a bakinsa.

6. Tsawon lokaci ko nisa. "He served there for ten years." Ya yi shekara goma yana hidima a can. Kada a ce "ya yi hidima domin shekara goma", wannan ba Hausa ba ce. Ɗalibai sukan haɗa wannan da "since". Ka'idar mai sauƙi ce: "for" tana tafiya da yawan lokaci, kamar "for ten years", "since" kuwa da lokacin da abin ya fara, kamar "since 2015".

Ban da waɗannan, akwai aikatau da "for" take manne musu har su zama kamar kalma ɗaya: "look for" nema, "wait for" jira, "ask for" roƙo, "care for" kula da. A irin waɗannan ba a fassara "for" daban. "He asked the king" ya tambayi sarki ne, amma "he asked for the king" ya nemi ganin sarki ne. Ga kuma wani tarko ga waɗanda suka tashi da Turancin Buroka. A can "for" takan nuna wuri, kamar idan mutum ya ce yana "for house", wato yana gida. A Turancin littafi wannan aikin "at" ne ko "in".

Tsakanin "for" da "to"

Kuskuren ɗalibina yana da asali a cikin harshenmu. Idan Bahaushe ya ce "na rubuta masa wasiƙa", magana biyu ce. Mai yiwuwa shi na aika wa, mai yiwuwa kuma bai iya rubutu ba ne, na taimake shi na rubuta. Mu muna gane wanda ake nufi daga zancen da ake yi. Turanci kuwa ya raba su: na farko "I wrote to him", na biyu "I wrote for him". Haka "speak to the chief" yin magana da sarki ne, "speak for the chief" kuwa yin magana da yawun sarki ne. "To" tana nuna inda abin ya nufa, "for" tana nuna wanda ake yi wa aikin ko wanda aka tsaya wa.

Akwai kuma inda "wa" ta Hausa ba ta zama "for" ko kaɗan. Mukan ce "an sace masa akuya". Wanda ya juya wannan ya ce "they stole a goat for him" ya mai da mai akuya ɓarawo, gama Bature zai ji cewa shi aka sato wa. "For" ba ta ɗaukar ma'anar cutarwa kamar yadda "wa" take yi.

Idan "for" tana nufin "gama"

Wani lokaci "for" takan bar aikinta na farko ta zama mahaɗi, ta haɗa jimla da jimla, ta ba da dalilin abin da aka faɗa a baya. A maganar yau da kullum Turawa sun fi cewa "because", amma a Littafi Mai Tsarki na Turanci, musamman fassarar King James ta 1611 da waɗanda suka bi sawunta, wannan "for" tana ko'ina. A Sabon Alkawari yawanci tana wakiltar kalmar Helenanci "gar", wadda ta fito fiye da sau 1,000. A Hausar Littafi Mai Tsarki ita ce muka saba ji da "gama".

Ga hanya mai sauƙi ta gane ta. Dubi kalmar da ke biye. Idan ka ga "for he", "for we", "for they", to "gama" ce. Idan ka ga "for him", "for us", "for them", to tana cikin ma'anonin da muka lissafta a sama. Idan suna ne ya biyo, duba ko cikakkiyar jimla ce mai aikatau nata.

Wannan yana da muhimmanci ga mai wa'azi ƙwarai. Manzanni ba su rubuta wasiƙunsu aya aya ba. Lambobin ayoyin Sabon Alkawari da muke amfani da su, wani mai buga littattafai ne, Robert Estienne, ya sa su a 1551. Saboda haka aya da ta fara da "for" tana gaya maka cewa ba a nan maganar ta fara ba. Yahaya 3:16, wadda kowane ɗan makarantar Lahadi ya haddace, da wannan kalma ta fara. Tana ba da dalilin ayoyi 14 da 15, inda aka yi zancen macijin da Musa ya ɗaga a jeji, labarin da ke cikin Littafin Ƙidaya sura 21. Wanda ya yi wa'azi a kan aya 16 bai waiwaya ba, zai yi maganar ƙaunar Allah, amma zai iya mantawa da cewa ana bayyana dalilin da ya sa dole a ɗaga Ɗan Mutum ne.

Haka kuma a Romawa 1:16-18, "gar" ta fito sau huɗu, kowace tana riƙe da ta gabanta kamar sarƙa. Bulus ba ya jin kunyar bishara, dalili kuwa ikon Allah ce zuwa ceto. Ikon Allah ce, dalili kuwa adalcin Allah yana bayyana a cikinta. Ana bukatar wannan adalci, dalili kuwa fushin Allah ya bayyana a kan muguntar mutane. Wasu sababbin fassarorin Turanci sukan bar wannan kalma a wasu wurare don karatu ya yi sauƙi. Shi ya sa yake da kyau ɗalibi ya ajiye fassara biyu a gabansa.

"For" a cikin koyarwar mutuwar Almasihu

A nan ne batun ya fi nauyi. Idan muka ce da Turanci Almasihu ya mutu "for us", wace ma'ana ce daga cikin shida ɗin? Don amfaninmu ne kawai, kamar yadda uwa take wahala don 'ya'yanta? Ko a madadinmu ne, wato ya tsaya inda ya kamata mu tsaya? Turancin shi kaɗai ba zai amsa ba, gama "for" ɗaya tana rufe kalmomin Helenanci dabam dabam.

Ta farko ita ce "anti". Ba ta da yawa, sau 22 ta fito a Sabon Alkawari. Ma'anarta a fili take: a maimakon, ko a bakin. Ita aka yi amfani da ita a Matiyu 2:22, inda Arkilayus ya hau sarautar Yahudiya a gurbin mahaifinsa Hirudus, da Luka 11:11, inda ake zancen uba da ba zai miƙa wa ɗansa maciji a maimakon kifi ba. Ita ce kuma a Markus 10:45 da Matiyu 20:28, inda Ubangiji ya kira ransa fansa. Saboda haka a waɗannan ayoyi ma'ana ta biyu da ta biyar ne suke aiki tare: rai ɗaya a bakin rayuka masu yawa.

Ta biyu ita ce "huper", wadda ta fito wajen sau 150. Ita ce Bulus ya fi amfani da ita, kamar a Romawa 5:8 da Galatiyawa 3:13. Asalin ma'anarta a irin waɗannan wurare shi ne don amfanin wani. Daga nan wasu suka ce, tun da Bulus bai ce "anti" ba, to bai koyar da mutuwa a madadinmu ba. Amma wannan hukunci ya yi gaggawa. A Filimon aya 13, Bulus ya ce ya so ya riƙe Onisimas don ya yi masa hidima a gurbin Filimon, kuma "huper" ya yi amfani da ita. A Yahaya 11:50, Kayafa ya ba da shawara mutum ɗaya ya mutu don kada al'umma duka ta hallaka. Kalmar "huper" ce, amma zancen kansa ya nuna ko dai shi ko su. Akwai kuma shaida daga wajen Littafi Mai Tsarki. A cikin tsofaffin takardun Helenanci da aka tono a Masar, na ciniki da na yarjejeniya, idan mutum bai iya rubutu ba, wani yakan rubuta masa, ya ƙara a ƙasa cewa ya rubuta "huper" wane. Wannan daidai yake da masu rubuta wa mutane wasiƙa da iyayenmu suka sani a bakin gidan waya. Aikin don amfanin mutumin ne, kuma a madadinsa ne. A 1 Timoti 2:6 ma an haɗa biyun a wuri ɗaya: kalmar fansa tana ɗauke da "anti" a jikinta, "huper" kuma tana biye.

Sai mu lura da wani bambanci. "For us" daban take da "for our sins". Ba wanda zai ce Almasihu ya mutu don amfanin zunubai, ko a madadin zunubai. A 1 Korintiyawa 15:3 ma'anar ita ce saboda zunubanmu, don a kawar da su. A Ishaya 53:5, abin da Turanci ya fassara da "for" ƙaramar kalmar Ibrananci ce "min", wadda take nuna tushe ko dalili. Laifofinmu ne suka jawo raunukan Bawan Ubangiji. Wannan ma'ana ta uku ce.

Kalmarmu ta "domin" ita ma tana da faɗi. Idan ka ce wa jama'a "ya mutu dominmu", wani zai ji ƙauna, wani zai ji mu ne sanadi, wani zai ji a madadinmu. Dukansu suna da tushe a cikin Nassi, amma ba kowace aya ce take faɗin dukansu ba. Aikin mai wa'azi ne ya san wadda ayarsa take faɗi, ya kuma zaɓi kalmar Hausa da ta dace: dominmu, saboda mu, ko a madadinmu.

Wurare biyu da ake gardama

Ayyukan Manzanni 2:38 ta haɗa tuba da baftisma da gafarar zunubai, Turanci kuma ya sa "for" kafin gafarar. Na sha jin ɗalibai suna musu a kanta. Wani ya ce manufa ce, kamar tara kuɗi don rufi. Wani ya ce dalili ne, kamar korar mutum saboda sata, wato ana yin baftisma saboda an riga an sami gafara. Dukansu da Turanci suke kafa hujja, Turanci kuwa ya yarda da duka biyun. Kalmar Helenanci a nan ita ce "eis", wadda yawanci take nufin zuwa ga, tana duban gaba. Wannan furci ɗin ne kuma ya fito a Matiyu 26:28 game da jinin Ubangiji, inda ba mai shakka cewa manufa ake nufi. Yadda tuba da bangaskiya da baftisma suke da dangantaka da gafara babbar tambaya ce, ikkilisiyoyi kuma sun bambanta a kanta. Amma duk wanda zai amsa ta, sai ya bi dukan koyarwar Sabon Alkawari. Kada ya jingina da cewa "for" ta Turanci tana iya nufin "saboda".

Na biyu, Ibraniyawa 12:2, inda aka haɗa jimrewar Yesu a kan gicciye da farin cikin da aka sa a gabansa. Kalmar ita ce "anti". Yawancin masu fassara sun ɗauke ta da ma'anar musaya: ya jimre don ya sami farin cikin da ke gaba. Suna kafa hujja da aya 16 ta wannan sura, inda Isuwa ya ba da matsayinsa na ɗan fari a bakin abinci, da wannan kalma. Wasu kuwa sun ce ma'anar ita ce a maimakon: ya bar farin cikin da yake da shi ya zaɓi gicciye. Wanda Turanci kaɗai ya karanta ba zai ma san akwai tambaya a wurin ba.

Shawara ga mai hidima

Na ɗaya, idan ka gamu da "for" a cikin ayar da za ka yi wa'azi a kanta, dakata ka tambayi kanka: gama ce, ko domin, ko saboda, ko a madadin, ko a bakin? Gwada kowace a cikin jimlar ka ji wadda ta zauna.

Na biyu, idan "gama" ce, koma baya ka karanta har ka sami maganar da take ba da dalilinta. Sau da yawa a can ne kan wa'azinka yake.

Na uku, kwatanta Turanci da Hausa. Inda suka bambanta, nemi littafin sharhi ko Sabon Alkawari mai Helenanci da Turanci a jere. Ko wanda bai yi nisa a Helenanci ba zai iya gane "anti", "huper", "eis" da "gar" idan ya gan su.

Na huɗu, kada ka gina koyarwa a kan ƙaramar kalma ɗaya ta fassara. Koyarwar mutuwar Almasihu a madadinmu tana tsaye a kan hadayun Tsohon Alkawari, da Ishaya 53, da maganar Ubangiji kansa, da wasiƙun manzanni gaba ɗaya. Ƙananan kalmomin suna tabbatar da ita ne.

Na biyar, idan kai ne tafinta, saurari jimlar har ƙarshe kafin ka buɗe baki. Idan ba ka gane ba, ka tambayi mai wa'azin. Matambayi ba ya ɓata. Ɗalibin nan nawa yanzu fasto ne, kuma har yau idan zai yi wa baƙo tafinta, yakan nemi su zauna tare kafin sujada su bi ayoyin ɗaya bayan ɗaya.

Tambayoyi don nazari

1. Juya waɗannan zuwa Hausa ba tare da amfani da "domin" ba: "He spoke for the widows." "They waited for three days." "She was praised for her patience." "He exchanged his bicycle for a ram."

2. Bayyana bambancin "I read the letter to her" da "I read the letter for her".

3. Karanta Afisawa 2:8-10 da Turanci. Nemi kowace "for", ka faɗi wadda take nufin "gama", da maganar da take ba da dalilinta.

4. Karanta 2 Korintiyawa 5:14-15. Daga zancen kansa, me ya nuna ko amfani kawai ake nufi ko kuwa har da tsayawa a madadin wasu?

5. Rubuta gajeren bayani, kamar za ka yi wa ajin masu shirin baftisma, a kan bambancin "dominmu", "saboda zunubanmu" da "a madadinmu".